Farin kabeji a gurbin dankali: yaushe rage sitaci a shepherd's pie ke da amfani?

A gidajen Birtaniya da Ailan, in sanyi ya kankama, akwai wani abinci da kusan kowace uwargida ta iya shi da ka, ana ce masa shepherd's pie. Girkinsa ba shi da wahala. Niƙaƙƙen naman rago ake soyawa da albasa da karas da ƙananan korayen waken nan da ake zubawa a soyayyar shinkafa, a tsaida musu romo mai kauri, a juye a faffaɗan kwanon gashi, sannan a shimfiɗa dakakken dankalin Turawa a kai, a ja masa layi-layi da cokali mai yatsu, a tura obin har samansa ya yi ja. In da naman sa aka yi, sai a kira shi cottage pie. A 'yan shekarun nan masu ciwon sukari da masu neman rage ƙiba sun ɓullo da wani salo, suna cire dankalin su daka farin kabeji su shimfiɗa a gurbinsa. Wasu na ganin ɓata abinci ne kawai, wasu kuma na tallarsa kamar an gano maganin ciwon sukari. A ganina canjin yana da amfani na gaske, wanda ake iya aunawa, amma ga wasu mutane ne ba ga kowa ba, kuma abin da aka zuba don cike gurbin dankalin shi ke nuna ko riba aka ci ko asara aka tafka.

Kafin a yanke wa dankali hukunci, ya kamata a san abin da ya kai shi saman kwanon. Shi ba ɗan asalin Turai ba ne. Daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka 'yan Sifaniya suka kai shi a ƙarni na 16, kuma ya daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji kafin ya zama abincin talaka a ƙarni na 18. Sunan cottage pie ya bayyana a rubuce a 1791, a cikin littafin da wani limamin coci na yankin Norfolk, James Woodforde, yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, har da abin da ya ci. Sunan shepherd's pie kuwa sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya fara fitowa a littattafan girki. Dabara ce ta tattali. Iyali sun gasa nama ranar Lahadi, an samu ragowa, sai a yayyanka shi ranar Litinin a lulluɓe da dankali mai yawa, ɗan naman ya wadaci baki shida ko bakwai. Nama ne mai tsada, dankali kuwa araha gare shi, saboda haka duk yadda shimfiɗar ta yi kauri, haka mai gida ke samun sauƙi. A Ailan, kafin yunwar da ta fara a 1845, masu tarihi sun ƙiyasta cewa namiji ma'aikacin gona kan ci kilo 4 zuwa 6 na dankali a rana, kuma jikinsa na ƙone shi tas a wurin aiki. Jikokinsa a yau a ofis suke wuni, a mota suke komawa gida. Ƙungiyar Diabetes UK ta ce sama da mutum miliyan 4 ne aka tabbatar suna da ciwon sukari a Birtaniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu ne gare su, wanda ke da alaƙa ta ƙut da ƙut da ƙiba da rashin motsa jiki. Abincin da aka tsara shi don ya cika cikin mai aikin ƙarfi da sitaci mai araha, ba laifi ba ne a sake duba shi idan masu cinsa sun canja.

Abin da dankali ke yi a jiki ba a ɓoye yake ba. Mafi yawan abin da ke cikinsa, in an ɗebe ruwa, sitaci ne, kuma ciki na warware sitaci ya mai da shi gulukos ya tura cikin jini. A mai lafiya, insulin na kwashe gulukos ɗin ya shigar da shi ƙwayoyin jiki ba tare da ɓata lokaci ba. A mai ciwon sukari nau'i na biyu kuwa jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai sukarin ya daɗe yana yawo a jini, kuma wannan yawon na shekara da shekaru shi ke lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Giram 100 na dafaffen dankali na ɗauke da kimanin giram 17 zuwa 20 na kabohaidiret. Giram 100 na farin kabeji kuwa kimanin giram 5 ne, kuma giram 2 daga ciki harza ce, wato zare-zaren ganye da ciki ba ya narkarwa. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin saurin tashin sukari a jini bayan cin kowane irin abinci, kuma dakakken dankali yana cikin waɗanda ke can sama, domin daka na farfasa ƙwayoyinsa ya sauƙaƙa wa ciki aiki. Lissafin kwano ɗaya ya fi kowane bayani fito da abin fili. Girkin mutum huɗu kan ci kimanin giram 500 na nama da giram 800 zuwa 900 na dankali, ka ga kowa zai tashi da sama da giram 200 na dankali, wato kimanin giram 40 na kabohaidiret daga shimfiɗar kaɗai. In farin kabeji mai nauyin haka aka sa, kimanin giram 10 ne kawai. Masana na kiran tsarin cin abinci mai ƙarancin kabohaidiret idan bai kai giram 130 a rana ba, saboda haka giram 30 da aka rage a zama ɗaya ba abin rainawa ba ne. A 2019 ma, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta bayyana a rahoton masananta cewa cikin dabarun abinci, rage yawan kabohaidiret ne ya fi samun hujjoji wajen gyara sukarin jini.

Sai dai dankali ba sitaci kawai yake bayarwa ba, yana da aikin da yake yi a cikin tukunya, kuma wanda bai gane wannan aikin ba girkinsa zai caɓe. Idan zafi ya kai digiri 60 zuwa 70, ƙwayoyin sitaci na shan ruwa su kumbura su riƙe shi gam, irin yadda tuwo ke kama jikinsa bayan an yi talge an tuƙa. Wannan ne ya sa shimfiɗar dankali ke zama daram a kan nama, ta tsotse ɗan romon da ya taso, a yanka ta da cokali ta fito a dunƙule. Farin kabeji ba shi da wannan sitacin, kuma kimanin kashi 92 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. In aka jefa shi a tafasasshen ruwa aka dafa aka markaɗa aka shimfiɗa, da ya shiga obin sai ya saki ruwansa cikin naman, romo ya tsinke, saman ya nutse, a fito da faten da ba a yi niyya ba. Daga nan ne mutane da yawa ke rantsewa sun bar gwadawa. Maganin abin shi ne a raba shi da ruwa tun kafin ya hau kan nama. Turara shi ake yi maimakon dafawa, ko a gasa shi a obin, har ya yi laushi amma kada ya wuce, domin in ya daɗe a wuta sinadaran farar wuta da ke cikinsa na tashi da wari irin na kabejin da ya kwana. Bayan an sauke, sai a bar shi a matsami tururi ya fita, a mai da shi busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan ana juyawa na 'yan mintoci, wasu ma har matse shi suke yi a tsaftataccen ƙyalle. Sannan a daka. Gwaiduwar ƙwai ɗaya ko biyu na yin aikin da sitaci ya bari, domin furotin ɗinta na daskarewa da zafi ya ɗaure shimfiɗar, ya kuma taimaka wa samanta yin ja. Shi ma naman sai a bar shi ya ɗan huce kafin a shimfiɗa a kansa, a gasa a digiri 200 na minti 25 zuwa 30, a kuma ba kwanon minti goma bayan an fito da shi kafin a yanka.

A ƙarƙashin shimfiɗar ma akwai sitacin da ba a cika lura da shi ba. Girkin gargajiya kan barbaɗa cokali ɗaya ko biyu na fulawa a kan nama don romo ya yi kauri. Ana iya barin fulawar gaba ɗaya, a soya naman sosai har ya yi ja ya kama gindin tukunya, a zuba romo kaɗan da tumatirin gwangwani, a bar tukunya a buɗe a kan wuta mara ƙarfi har ruwan ya ja da kansa. Ɗanɗanon ma ya fi fita haka. Ruwan ɗanɗanon nan na Worcestershire da ake ɗigawa, wanda ke ɗauke da tsamiya da ƙananan kifaye da sukari, cokali ɗaya ne ga kwanon mutum huɗu, bai kai abin damuwa ba. Inda nake ganin wasu sun wuce gona da iri shi ne korar karas da albasa da korayen wake daga tukunyar, wai don suna da zaƙi. Karas biyu da albasa ɗaya in an raba wa mutum huɗu, 'yan giram kaɗan kowa zai samu, alhali su ne ke kawo harza da ƙamshi. Hukumomin lafiyar Birtaniya sun ba da shawarar giram 30 na harza a rana ga baligi, kuma yawancin mutanen ƙasar ba sa kaiwa. Wanda ya rage hatsi da dankali ya riga ya toshe wa kansa wata hanyar samun harza, bai kamata ya ƙara toshe wata ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Farin kabeji da aka daka shi zalla salam yake a baki, kuma hanyar da ta fi sauƙi ta ba shi armashi ita ce a danna masa bota da kirim ɗin madara, a rufe samansa da cuku. Girke-girke da yawa da ake yaɗawa da sunan kiwon lafiya haka suke, domin masu su kabohaidiret kaɗai suke ƙirgawa. To, a yi lissafi. Canja dankali da farin kabeji na rage wa mutum kimanin kalori 120 a kasonsa. Cokali ɗaya na bota, giram 14, na da kimanin kalori 100 da giram 7 na kitse mai daskarewa. Giram 30 na cukun cheddar na da kimanin kalori 120 da giram 6 na irin wannan kitsen. Ka ga in kowa ya samu ƙarin cokali ɗaya na bota da ɗan cuku a kan abin da aka saba sa wa dankali, an mayar da abin da aka rage har da ƙari. Ga kuma naman, wanda a kantunan Birtaniya niƙaƙƙen na rago kan zo da kitse har kashi 20 cikin 100, kusan rabinsa mai daskarewa. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kada namiji ya wuce giram 30 na kitse mai daskarewa a rana, mace kuma giram 20. Kaso ɗaya na irin wannan girkin na iya cinye wa mace rabonta na yini gaba ɗaya. Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne mutumin da aka yi girkin dominsa. Mai ciwon sukari ya fi sauran mutane fuskantar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon sukari. Kitse mai daskarewa na ɗaga kolastirol mai toshe jijiyoyi. In na'urar awon sukari ta nuna lamba mai kyau bayan cin abinci amma kolastirol na hawa a ɓoye, an gudu ne ba a tsira ba.

Wani babban bincike da Sara Seidelmann da abokan aikinta suka buga a mujallar Lancet Public Health a 2018 ya taɓo wannan batu. Sun bi sawun sama da mutum 15,000 a Amurka na kimanin shekara 25, suka ga waɗanda kabohaidiret ya ba su kashi 50 zuwa 55 cikin 100 na kuzarinsu su ne suka fi ƙarancin mutuwa da wuri. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda masu rage kabohaidiret suka rabu gida biyu. Waɗanda suka cike gurbin da nama da kitsen dabba, haɗarinsu ya ƙaru, waɗanda kuwa suka cike da ganye da gyaɗa da dangoginta da man tsirrai, nasu ya ragu. Bincike ne na lura da rayuwar mutane, ba gwaji ba, saboda haka ba ya iya tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan, amma ya yi daidai da abin da aka daɗe da sani game da kitse da jijiyoyin jini. Darasin ga mai girki a fili yake. A nemi nama mara kitse sosai, ko a soya a tsiyaye man da ya fito kafin a zuba albasa. A rage naman a ƙara ganye, seleri ko kabeji ko alayyafo, ko ɗan wake ga wanda lissafinsa zai ɗauka. Farin kabejin kuma man zaitun kaɗan da gasasshiyar tafarnuwa da masoro da gwaiduwar ƙwai sun ishe shi, in za a sa cuku a sa ɗan barbaɗe mai ƙarfin ɗanɗano a sama. Rage naman na da wata riba, domin NHS na shawartar masu yawan cin jan nama da su sauko zuwa giram 70 a rana saboda alaƙarsa da sankarar hanji.

Masu kare dankali na da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni suka gwada abinci iri 38 don ganin wanne ya fi riƙe ciki in an ba da kalori daidai wa daida. Dafaffen dankali ne ya zo na ɗaya, ya ninka farin burodi fiye da sau uku. Yana da fotasiyam da bitamin C, ga araha. A 2025 kuma masu bincike na Jami'ar Harvard suka buga a mujallar BMJ sakamakon bin sawun sama da mutum 200,000, inda suka ga soyayyen dankali ne ke tafe da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon sukari, kimanin kashi 20 cikin 100 ga mai cinsa sau uku a mako, amma dafaffe da gasasshe da dakakke ba su nuna alaƙa mai ƙarfi ba. Ana kuma iya ƙarawa da cewa a cikin shepherd's pie dankalin ba shi kaɗai yake shiga ciki ba, nama da mai na rage saurin narkewarsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce canjin ba na kowa ba ne. Lafiyayyen mutum mai motsa jiki, ko yaro mai tasowa, ba shi da dalilin gudun dankali. Amma tambayar da binciken Harvard ya amsa ita ce ko dankali na jawo ciwon ga wanda ba shi da shi. Wanda ciwon ya riga ya kama shi tambayarsa daban ce, yana so ya san abin da giram 40 na sitaci zai yi wa jininsa cikin awa biyu masu zuwa, kuma amsar wannan na nan a na'urarsa. Ta ɓangaren bitamin C kuwa babu asara, farin kabeji ya fi dankali yawansa. Batun riƙe ciki ne ke da nauyi, domin wanda ya ci farin kabeji ya tashi da yunwa ya nufi biskit da dare ya ɓata rawarsa da tsalle. Wannan ma wani dalili ne na cika tukunyar da ganye da harza maimakon rage ta.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. Masu ita na cewa in aka duba dogon zango, rage kabohaidiret bai fi sauran hanyoyi ba. Gwajin da Christopher Gardner ya jagoranta a Jami'ar Stanford, wanda aka buga a 2018, ya raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage kitse wasu suka rage kabohaidiret. Bayan shekara ɗaya masu rage kitse sun zubar da kimanin kilo 5.3, masu rage kabohaidiret kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Kwamitin masana da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan abinci ya duba hujjoji a 2021, ya ce ga masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke da ƙiba, rage kabohaidiret na gyara sukarin jini har zuwa wata shida, amma bayan haka hujjar ba ta fito sarai ba. Sannan ga gwajin DiRECT na Mike Lean na Glasgow da Roy Taylor na Newcastle, wanda ya fito a ƙarshen 2017. Su ba kabohaidiret suka sa a gaba ba, kalori suka rage zuwa ɗan sama da 800 a rana na 'yan watanni, kuma bayan shekara ɗaya ciwon ya lafa ga kashi 46 cikin 100 ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne ciwonsu ya lafa. Ma'ana zubar da nauyi ne jigon lamarin, ko ta wace hanya aka bi. Na yarda da wannan, kuma shi ne ma ya sa na dage kan batun bota da cuku, tunda girkin da bai rage kalori ba ba zai rage nauyi ba.

Sai dai akwai abin da waɗannan gwaje-gwajen ke nunawa da ba a cika faɗa ba. Wani babban dalilin da ya sa bambancin ke dusashewa bayan wata shida shi ne mutane na gajiya su koma ga abin da suka saba ci. Matsalar ta daɗe. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana bayyana yadda ya zubar da kimanin kilo 20 bayan likitansa ya hana shi burodi da bota da madara da sukari da giya da dankali. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Robert Atkins ya sake tada irin wannan guguwa a Amurka a 1972. Kowane zamani mutane kan rungumi tsarin da zafi-zafi, sannan su sake shi, domin jerin abubuwan da aka haramta ba ya zama abincin dare. Mutum ba shi kaɗai yake ci ba. Yana da mata ko miji da 'ya'ya, kuma wanda aka ware masa kwanon ganye a gefe yana kallon iyalinsa na cin abin da ya tashi da shi tun yana yaro, ba zai jure ba. A nan nake ganin darajar shepherd's pie na farin kabeji take. Kwano ɗaya ne a tsakiyar tebur, ƙamshin naman bai canja ba, saman ya yi ja kamar kullum, mara lafiya bai zama bare a gidansa ba. Wani likita a garin Southport, David Unwin, ya shafe shekaru yana bin marasa lafiyarsa da irin waɗannan ƙananan canje-canje, kuma a rahoton da ya buga a 2023, cikin mutum 186 da suka zaɓi rage kabohaidiret, ciwon ya lafa ga kusan rabinsu. Su suka zaɓa da kansu, ba a raba su da ƙuri'a ba, saboda haka rahoton bai kai ƙarfin gwaji ba. Duk da haka ya nuna cewa abin na iya ɗorewa shekaru idan an gina shi a kan abincin da mutane suka sani, kuma likita na biye da su.

Masu cewa in babu dankali to ba shepherd's pie ba ne, ba zan yi dogon musu da su ba. Farin kabeji ba zai taɓa zama dankali a baki ba, kuma masu cewa ba a gane bambanci suna ƙara gishiri. Amma abincin da aka ƙirƙira daga ragowar nama da abin da ya samu a gona bai taɓa tsayawa a kan tsari ɗaya ba, Faransawa ma suna da nasu da suke kira hachis Parmentier. Wanda farin kabeji zalla ya yi masa nisa, ko ya yi masa tsada, yana iya yin rabi da rabi. Sitacin rabin dankalin ya isa ya ɗaure shimfiɗar ba tare da ƙwai ba, ɗanɗanon bai yi nisa da na asali ba, kuma kabohaidiret ɗin ya sauko daga kimanin giram 40 zuwa 25. Ga iyali da yawa wannan ne ya fi yiwuwa su riƙe, kuma a wurina ya fi tsattsauran girkin da za a yi sau biyu a watsar.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya zama dole, kuma ya shafi duk mai ciwon sukari a ko'ina yake, ko dankali yake shirin ragewa ko shinkafa. An auna wa mutum maganinsa ne bisa irin abincin da ya saba ci. Wanda ke allurar insulin, ko yake shan gliclazide ko glibenclamide, in ya zabge kabohaidiret farat ɗaya bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, ya kama rawar jiki da gumi da jiri, har ta kai ga suma. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kuma, tsananta rage kabohaidiret na iya jefa su cikin wani yanayi mai haɗari da jini ke yin tsami, ko da awon sukarinsu bai nuna ya hau ba. Kwano ɗaya na farin kabeji da wuya ya jawo wannan, amma sauya tsarin cin abinci gaba ɗaya na iya jawowa. Mai ciki da mai ciwon ƙoda da mai ciwon sukari nau'i na ɗaya su ma kada su yi gaban kansu. Mai karatu, in kana cikin waɗannan, ka fara zuwa wurin likitanka ka gaya masa abin da kake son yi, ya duba maganinka. In kana da na'urar awo a gida, ka auna sukarinka kafin ka ci da kuma awa biyu bayan ka ci, ranar da aka yi girkin da dankali da ranar da aka yi da farin kabeji, ka kai masa lambobin ya gani.